Me kociyoyin jami'o'in Amurka suke nema a jikin yaranmu?

Makon jiya wajen ƙarfe 11 na dare ɗan yayata ya turo min saƙon murya a WhatsApp. Shekararsa 17, dogo ne na gaske sai ya sunkuya yake shiga ɗakin babarsa, ƙwallon kwando yake bugawa tun yana ƙaramar sakandare. Ya ce, "Kawu don Allah ka saurare ni, wani mutum ne ya gan ni a fili ya ce wai jikina na ƙwallon Amurka ne, ina ɓata shi a kwando, wai zai haɗa ni da jami'a a can, karatu kyauta, abinci kyauta, ɗaki kyauta, amma sai an fara biyan kuɗin rajista." Sai ga bidiyo ya biyo baya. Abokinsa ne ya ɗauka da waya hannun na ta rawa, sun auna yadi 40 a filin firamaren unguwa da igiyar shanya, dutse a nan dutse a can, shi kuma ya tsuguna ya dafa ƙasa da hannu ɗaya yadda ya ga ana yi a YouTube, aka ce masa tafi ya zabura, ƙura ta tashi, takalminsa na dama har ya kusa ficewa. Sau biyar na kalli bidiyon nan. Yaron yana da gudu, wannan kam ba ƙarya.

Ban ba shi amsa a daren ba don maganar ta fi ƙarfin eh ko a'a. Ko da mutumin nan ɗan damfara ne, abin da yake tallatawa ɗin akwai shi da gaske, jami'o'in Amurka suna ɗibar yara daga waje su buga musu ƙwallo, kuma Najeriya na cikin wuraren da ido ya fi karkata. To me ya kawo haka, kuma wa ke cin riba wa ke ɗaukar hatsarin, shi nake so mu zauna a kai.

Da farko dai ga wanda bai sani ba, ba tamaular da muke kallo a gidan kallo ake nufi ba. Wannan ita ce ta zari-ruga irin ta Amurka, ƙwallo mai siffar gwanda, mutum 11 kowane ɓangare, kowa da hular kwano da kafaɗun roba, ana gudu da ita a hannu ana jefawa ana kayar da mutum ƙasa. Kuma in an ce ƙwallon jami'a kar ka ɗauka irin gasar ɗalibai ce ta nishaɗi. Filin wasan Jami'ar Michigan kaɗai yana cin mutum sama da 107,000, kuma duk Asabar ɗin da suke gida sai ya cika. Jami'o'in da ke babban rukuni sun haura 130, akwai kociyoyin da albashinsu ya wuce dala miliyan 10 a shekara, a jihohi da yawa ma kocin ƙwallon jami'a ya fi gwamna da shugaban jami'ar albashi nesa ba kusa ba. Dalili ɗaya shi ne NFL, wato babbar gasar ƙwararru, ba ta da makarantun renon yara irin na kulob ɗin Turai, kuma dokarta ta ce sai ka yi shekara 3 da gama sakandare kafin a zaɓe ka. Kenan jami'a ce mashiga, kusan duk mai son kaiwa sama ta nan zai bi.

Bayanin da aka fi yawan ji shi ne wai yaran Amurka sun gudu daga wasan shi ya sa ake zuwa waje cike gurbi. Akwai gaskiya a ciki, amma rabi ce.

Gudun dai an yi shi. Ƙungiyar da ke tattara alƙaluman wasannin sakandare a Amurka, NFHS, ta ƙirga yara maza sama da miliyan 1.1 suna buga wasan a zangon 2008 zuwa 2009, shi ne ƙololuwa. Shekara 10 bayan nan adadin ya sauko kusan miliyan 1 cif, a zangon 2021 zuwa 2022 bayan korona ya faɗo wajen 974,000. A ɓangaren ƙananan yara kuwa, Pop Warner da ta fi kowace gasar yara suna tun 1929, ta yi asarar kusan kashi 10 cikin 100 na yaranta tsakanin 2010 da 2012 kawai. Ruwa ba ya tsami banza, kuma wanda ya fara tono dalilin namu ne. A 2002 Dakta Bennet Omalu, ɗan jihar Anambra da ya yi karatun likitanci a Jami'ar Najeriya ta Nsukka, yana aikin binciken gawa a Pittsburgh aka kawo masa gawar Mike Webster, tsohon gwarzon ƙungiyar Steelers da ya rasu yana da shekara 50 bayan ya daɗe cikin ruɗewa da mantuwa har a mota yake kwana. A ido ƙwaƙwalwar lafiya lau take, sai da Omalu ya yanka ta ya sa a madubin likita sannan ya ga wani sinadari ya dunƙule ya cinye wurare, ciwon da yanzu duniya ta sani da CTE, wanda yawan buguwar kai ke kawowa. Ya wallafa a 2005, likitocin NFL suka taso masa suka ce ya janye, bai janye ba. Sai a 2016 wani babban jami'in NFL ya amsa a gaban 'yan majalisa cewa eh akwai alaƙa. A 2017 masu bincike na Jami'ar Boston suka duba ƙwaƙwalwar tsofaffin 'yan NFL 111 suka sami ciwon a 110, a cikin waɗanda suka tsaya a matakin jami'a su 53 aka samu a 48. A yi adalci, waɗannan ƙwaƙwalen iyalai ne suka bayar saboda dama sun ga alamun matsala, don haka ba za a ce haka kowane ɗan wasa yake ba. Amma uwa in ta ji 110 cikin 111 ba ta tsayawa wannan lissafin. Obama ma yana shugaban ƙasa a 2013 ya ce da yana da ɗa namiji sai ya yi dogon tunani kafin ya bar shi ya buga.

Ga kuma haihuwa da ta ja baya, a 2007 an haifi jarirai wajen miliyan 4.3 a Amurka, zuwa 2023 ya dawo wajen miliyan 3.6, kaga nan gaba ajujuwan sakandaren kansu za su rage.

To amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Na farko adadin ya ɗan farfaɗo, daga 2022 ya sake haura miliyan 1. Na biyu mu yi lissafi mai sauƙi, a da doka ta ce kowace babbar jami'a kar ta ɗauki sababbin yara masu sikolashif sama da 25 a shekara, in ka ninka da 130 ka samu 3,000 da 'yan kai. Ƙasar da take da yara miliyan guda a fili ba za ta rasa 3,000 ba ko da rabinsu sun ajiye hular. Kuma yaran da ake kawowa daga ƙetare har yau 'yan ƙalilan ne in an gwada su da 'yan gida. Don haka ƙarancin mutane bai kai ya tura koci Legas ko Jamus ba. Abin da ke tura shi wani irin jiki ne da yake da wuyar samu ko'ina a duniya.

Tsohon manajan ƙungiyar New York Giants ta NFL, George Young, yana da wata magana da ta zama karatu a harkar, cewa mutanen da suka haɗa girma da sauri a doron ƙasa ƙidayayyu ne, in ka ga ɗaya ka ɗauke shi. Mutum mai tsawon kusan mita 2, nauyi kilo 120 ko 140, dogayen hannaye, amma ya iya zabura kamar ɗan tsere ya juya kamar ɗan kokawa. Irin wannan yaron in a Texas ko Georgia aka haife shi tun yana shekara 14 an san da shi, shafukan da ke ba yara taurari sun ba shi huɗu ko biyar, manyan jami'o'i 30 na layi a ƙofar gidansu, yanzu kuma har da kuɗi a hannu. Matsakaiciyar jami'a ba ta isa ta shiga wannan cinikin ba. Amma in ta samu mai irin wannan jikin a Enugu ko Accra ko wani ƙauye a Bavariya wanda babu wanda ya san shi, ta samu a araha, sauran aikin koyarwa ne.

Shi ya sa in ka lura kusan duk waɗanda ake kawowa daga Afirka wuri ɗaya ake ajiye su, layin gaba. Ka kalli wasa ɗaya da kyau ka ga abin da ke faruwa a layin nan. Ƙarti biyar sun duƙa a nan, huɗu sun duƙa suna fuskantarsu, tsakaninsu bai fi tsawon ƙwallon ba, numfashinsu na haɗuwa. Ana miƙa ƙwallon baya sai ka ji ƙwas, hula ta haɗu da hula, na gefe ya daki hannun na gabansa ya zagaye shi ya nufi mai jifa, daƙiƙa 3 zuwa 5 an gama, a tashi a sake jeruwa, haka sau 60 ko 70 a wasa ɗaya ban da na tirenin. Aikin na gefen nan a farko kalma ɗaya ce, ka kamo mai riƙe da ƙwallo, ana iya koya wa mai ƙarfi da sauri wannan cikin shekara biyu. Mai jifa kuwa, kwatabak, shi ne ƙwaƙwalwar tim, sai wanda ya tashi a ciki tun yana yaro, shi ya sa ba ka jin an zo Afirka neman kwatabak.

Hanyar ma ba sabuwa ba ce, da can dai tsautsayi ne ko sa'a ke kawo ta. Christian Okoye daga Enugu jifan faifai ya kai shi Jami'ar Azusa Pacific a Kalifoniya a 1982, bai taɓa wasan ba sai yana da shekara 23, ƙungiyar Kansas City ta NFL ta ɗauke shi a 1987, a 1989 ya fi kowa a NFL cin yadi da gudu, 1,480. Ezekiel Ansah daga Accra karatu ya kai shi Jami'ar BYU, ya nemi shiga tim ɗin kwando aka ƙi shi har sau biyu, ya koma tsere, a 2010 ya gwada wannan wasan ko kayan bai iya sakawa ba, a 2013 shi ne mutum na 5 da aka zaɓa a duk diraf ɗin NFL, wato zaɓen sababbin 'yan wasa da ake yi duk shekara. Prince Tega Wanogho daga jihar Delta kwando ya je bugawa wata sakandare a Alabama ya ƙare a layin gaban Jami'ar Auburn. David Ojabo an haife shi a Najeriya ya tashi a Aberdeen ta Sikotland, ya je sakandare a New Jersey, can ya fara, ya zama tauraro a Michigan. Kowane koci a Amurka ya san labaran nan, kuma kowa na so ya zama shi ne ya tsinci na gaba. A kula fa, waɗannan daban suke da ɗimbin 'yan wasa masu sunan Ibo da Yarbawa da kake gani a talabijin, yawancin waɗancan 'ya'yan baƙi ne da aka haifa ko suka girma a Houston ko Maryland, 'yan gida ne su.

Abin da ya canza shi ne yanzu an daina jiran sa'a, an gina bututu. Wanda ya fi kowanne nasara ma ba a Afirka yake ba, a Ostiraliya yake. A wasan nan in tim ta yi yunƙuri uku ba ta ci yadi 10 ba, a na huɗu yawanci sai ta kira wani da ake ce wa panta ya saki ƙwallon daga hannu ya doka ta sama ta tafi can nesa. Yaran Ostiraliya kuwa wasansu na gida dama haka ake buga shi, daga hannu zuwa ƙafa, tun suna 'yan shekara biyar, a guje ma suna iya saita ta inda suke so. A 2007 Nathan Chapman ya buɗe makarantar Prokick a Melbourne yana juya su zuwa pantoci yana tura wa jami'o'i. Kyautar Ray Guy da ake ba pantan da ya fi kowa a jami'o'i, daga 2013 zuwa 2017 shekara biyar a jere 'yan Ostiraliya ne suka ɗauke, suka sake a 2019 da 2022 da 2023. A nan kam an ture 'yan gida da gaske, kuma iyayen Amurka na ƙorafi don da yawan waɗannan baƙin sun haura shekara 23 wasu sun doshi 30, ana gwada su da ɗan 18.

A Turai akwai Brandon Collier, Ba'amurke da ya zauna a Jamus ya kafa PPI Recruits a 2016, duk bazara yana kwasar yara a mota jami'a zuwa jami'a suna shiga gwaji a gaban kociyoyi, ta nan irin su Hero Kanu suka kai Ohio State. NFL da kanta ta buɗe makaranta a Landan a 2019 ta mai da ita Loughborough a 2022, ta ƙara wata a Gold Coast ta Ostiraliya a 2024. A Afirka kuwa Osi Umenyiora ne jagaba, ɗan asalin Najeriya da ya ci Super Bowl, wato kofin NFL, sau biyu da Giants, ya kafa shirin Uprise, sannan NFL ta yi sansaninta na farko a Ghana a 2022, Kenya a 2023, Legas a 2024. Emmanuel Okoye ta wannan hanyar ya bi, daga sansanin Osi zuwa makarantar NFL a Ingila zuwa Jami'ar Tennessee a 2023. NFL ba sadaka take yi ba, kasuwa take nema, kasuwar gida ta cika. Mu ai mun san yadda abin yake, Nwankwo Kanu ya je Arsenal a 1999 rabin gidajen kallon ƙasar nan suka koma Arsenal har yau ba su dawo ba. Ɗan ƙasa ɗaya a fili ya fi talla dubu.

Yanzu ga inda maganar raguwar yara ta haɗu da maganar ɗibar baƙi, kuma nan ne abin yake damuna. Raguwar nan ba ko'ina ta faru daidai ba. Unguwannin masu hali da masu ilimi, musamman a gabar gabas da ta yamma, su suka fi janye 'ya'yansu, don ɗansu zai je jami'a ko da ƙwallo ko babu. Inda wasan ya riƙe ƙarfinsa shi ne kudanci da ƙauyuka da unguwannin talakawa, da yawansu baƙaƙen fata, inda sikolashif ɗin ƙwallo ne kaɗai tsanin da yaro yake gani. Wato kashin dankali, na sama ya ji labarin ciwon ya ɗauke ɗansa ya koma kujerar 'yan kallo, na ƙasa ya ci gaba da sa kai. Ɗibar yara daga Legas da Accra ci gaban wannan layin ne, an ƙara sauka mataki ɗaya zuwa wurin da ko labarin CTE bai isa ba. Na tambayi ɗan yayata ko ya taɓa jin sunan Omalu ya ce a'a, amma ya san sunan Osi da lambar rigarsa. Wannan ya tsaya min a rai ƙwarai.

Sai dai ba zan ɓoye ɗaya gefen ba. Binciken Boston ɗin nan ya nuna yawan shekarun da mutum ya yi yana wasan shi ne babban ma'auni, a wani aikinsu na 2019 sun ce hatsarin yana ninkuwa duk bayan shekara 2.6 na wasa, a wani kuma na 2018 sun ga waɗanda suka fara wasan kayarwa kafin shekara 12 alamun matsala sun fi saurin bayyana musu da kimanin shekara 13. Kaga yaron da ya fara yana 17 ya tsallake shekara 10 na buguwa da takwaransa na Texas ya riga ya sha tun kansa bai yi ƙwari ba. Wannan riba ce ta gaske. Amma kuma shi ne bai san yadda ake kare kai ba, bai san inda ake sa kafaɗa ba, bai iya faɗuwa ba, aka jefa shi gaban wanda ya shekara 10 yana yi, kuma wurin da ake sa shi, layin gaba, nan ne buguwar ta fi yawa, irin ƙananan nan da ba a suma ba a fita daga fili amma suna taruwa.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce rijiya ta bayar guga ya hana. Shekara da shekaru ɗan wasan jami'a ba a biyansa ko sisi ban da karatu da abinci. Daga 1 ga Yulin 2021 aka ba su damar cin kuɗi da sunansu da hotonsu, abin da ake kira NIL, sannan a Yunin 2025 kotu ta amince da sulhun shari'ar House, ƙarar da 'yan wasa suka shigar, wanda ya ba kowace jami'a damar raba wa 'yan wasanta har wajen dala miliyan 20.5 a shekarar farko, kaso mafi tsoka kuma na 'yan wannan ƙwallon ne. To baƙo da bizar ɗalibi ta F-1 yake zaune, ita kuma ta taƙaita aikin da zai iya yi a cikin Amurka, in ya yi tallan da hukumar shige da fice ta ɗauka aiki ne zai iya rasa bizar gaba ɗaya. Sai ka ga yara biyu ɗaki ɗaya, tirenin ɗaya, ciwo ɗaya, ɗaya na sa hannu a kwantiragi ɗaya na tsoron ko hoto ya ɗora. Ana ta dabaru dai, Oscar Tshiebwe ɗan Kongo mai buga wa Kentucky kwando sai da tim ɗinsu ta je Bahamas a 2022 sannan ya zauna ya yi tallace-tallacensa a can tunda ya fita daga ƙasar Amurka, amma wannan tauraro ne mai lauyoyi, ɗan benci fa? Ga ita kanta bizar ta ƙara tsauri, a Yunin 2025 aka rufe ƙofa ga 'yan Chadi da Sudan da wasu ƙasashe, a Yuli kuma aka mai da yawancin bizar 'yan Najeriya ta shiga sau ɗaya ta wata uku.

Haƙurin kociyoyi ma ya ragu, wannan kuma ba a cika faɗa wa yaran ba. Ɗanyen yaro yana buƙatar shekara biyu ko uku kafin ya fara amfani. A da koci zai jira don yaron ba shi da inda za shi. Yanzu an buɗe ƙofar sauya sheƙa, ɗan wasa na iya barin jami'a ya koma wata ya buga nan take, sai lissafin ya juye ta gefe biyu, ƙaramar jami'a tana tsoron ta rena yaro ya nuna babba ta zo ta ɗauke, babbar kuma tana ganin me zai sa ta jira ɗanye alhali ga dafaffe a kasuwa. Kuma kocin da ya kawo ka in aka kore shi, wanda ya gaje shi bai san ka ba. Koci Deion Sanders da ya karɓi tim ɗin Jami'ar Colorado a ƙarshen 2022 a taronsa na farko ya ce wa yaran da ya tarar su nemi hanyar sauya sheƙa, kuma gommai suka tafi. A takarda akwai dokar da ta hana a ƙwace wa yaro sikolashif don bai iya wasa ba, amma koci ya san yadda zai nuna maka ƙofa ba tare da ya ce fita ba. Ɗan gida ya koma gidansu ya yi tunani. Baƙo kuwa zamansa a ƙasar ɗaure yake da takardar makaranta.

Kuma NFL ɗin da ake hange, mutum 250 da 'yan kai ake zaɓa a shekara, lissafin NCAA kanta, wato hukumar wasannin jami'o'in Amurka, bai kai 2 cikin 100 na waɗanda suka cancanci shiga diraf ba. Ojabo da na ambata, ana sa ran za a ɗauke shi a zagayen farko, a ranar gwajin ƙarshe a 2022 jijiyar dunduniyarsa ta tsinke a gaban masu kallo, ya faɗo zagaye na biyu. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Abin da yake tabbas a cinikin nan digiri ne, digirin da kuɗinsa zai iya kai dala dubu ɗari biyu ko fiye a wasu jami'o'in, ni kuma ban raina wannan ba ko kaɗan, ya canza rayuwar gidaje da yawa, kuma duk mai cewa kar yaro ya je sam to ya kawo masa wani tsanin.

Wani abu da nake ganin alheri ne a ciki shi ne ƙwallon tuta, wadda ba a kayar da kowa, kyalle ne a ƙugu in an fizge shi wasa ya tsaya. Ita ce ke haɓaka yanzu a Amurka wajen ƙananan yara da 'yan mata, iyayen da suka ƙi hular kwano da yawa nan suka koma, an kuma sa ta a Olamfik na Los Angeles na 2028. Najeriya ma ta ci kofin Afirka na farko a Alƙahira a 2025, maza da mata duka. In dai wasan zai shigo makarantunmu to ta wannan ƙofar nake so ya shigo, yaro ya koyi dokoki da gudu da kamun ƙwallo kansa na lafiya, in ya girma ya ji ya gani ya zaɓi mai kayarwar da kansa. A Kalifoniya an kawo ƙudurin hana 'yan ƙasa da 12 wasan kayarwa, gwamna Newsom ya ce a Janairun 2024 ba zai sa hannu ba, su can al'ada ta riga ta yi jijiya. Mu ba mu da wannan nauyin, za mu iya farawa daidai.

Washegari na kira yaron, na ce ya sa wayar a sifika babarsa ta ji. Na ce ya tambayi mutumin abu uku, sunan jami'ar, sunan kocin da ya ga bidiyon, da kuma saƙon da kocin ya turo daga adireshin imel na makarantar. Na gaya masa akwai shirye-shirye na gaskiya da ake biyan kuɗin tafiya, amma babu na gaskiyar da zai yi maka alƙawarin sikolashif kafin koci ya gan ka, kuma rajistar cancanta a shafin NCAA ake yinta kai tsaye, su ma sakamakon sakandare za su fara tambaya, ba tare da WAEC mai kyau ba gudun yadi 40 ba ya kai kowa ko'ina. Ko a cikin Amurkar ma an yi makarantar bogi, Bishop Sycamore ta Ohio, har a talabijin ɗin ESPN aka nuna wasanta a 2021 aka ci ta 58 da nema kafin asiri ya tonu cewa ba wani karatun kirki da ake yi a ciki.

Yaya ta yi shiru tana ji, can sai ta ce, "To ni tambayata ɗaya ce, in ya je ya bugu a kai wa zai yi jinyarsa?" Na ce yana makaranta su za su yi, kuma dokar da ta fara aiki a 2024 ta ce manyan jami'o'i su ci gaba da ɗaukar nauyin raunin wasa har shekara biyu bayan ya gama. Ta ce shi wancan ciwon na ƙwaƙwalwa da ka faɗa yaushe yake fitowa? Na ce Mike Webster ya bar wasa a 1990, ya rasu a 2002, kuma sai bayan mutuwa ake iya tabbatar da shi. Ta ce to, ya gama jarabawarsa tukun, ranar Juma'a kuma in zo gida mu zauna da babansa.

Yaron ya tura wa mutumin tambayoyin uku tun ranar Talata, alamar an karanta ta fito shuɗiya, har yanzu da nake rubutun nan bai amsa ba. Shi kuwa jiya ma ya sake turo min wani bidiyon, wannan karon ya ɗaure takalmin da kyau.